Yadda ake gano ƙwayoyin hanji masu sa ƙananan dabbobi gudawa, daga maraƙi har ɓeran lab

Da maraƙi ko ɗan akuya ya fara zawo, abin da za ka fara ji shi ne tsutsa ce a ɗura masa maganin tsutsa. Toh a makonnin farko na rayuwa yawancin abin da ke kawo zawon ba tsutsa ba ne ma, wasu ƙananan halittu ne irin su Cryptosporidium da Eimeria, kuma maganin tsutsar da aka saba ko a jikinsu. Shi ya sa duba kashi ya fi cinke. Aikin ba wuya gare shi ba, amma kowace ƙwaya da hanyar da take bayyana, in ka bi hanyar da ba tata ba za ka gama dubawa ka ce ba komai alhali tana nan fal.

Kayan aiki

Maikuroskop mai ido, wato gilashin ƙara girma, na 10, na 40 da na 100 wanda ake sa wa man maikuroskop. Silaid da murfinsa na gilashi. Safar hannu da yawa, robobi masu murfi ko leda mai tsafta, maka ta rubuta suna, tsinken sakace ko sandar ashana na damawa, ƙaramar rariya ko bandeji mai huji-huji ninki biyu, kofuna biyu, kwalbar gwaji, sirinji, ƙaramin sikeli, da farin salatif wanda ake gani ta cikinsa.

Sai ruwaye. Ruwan gishiri mai sauƙi na kashi 0.9 cikin ɗari (gram 9 a lita ɗaya), aidin na Lugol, da ruwan da ke taso da ƙwai sama. Wannan na ƙarshen iri uku ne kuma da kanka za ka iya haɗawa:

- Na gishiri: wajen gram 400 a lita ɗaya na ruwan ɗumi, ka yi ta juyawa har gishirin ya daina narkewa ya kwanta a ƙasa, ka tsiyaye na sama. Nauyinsa kusan 1.20, in an ɗauki na ruwa zalla a matsayin 1.
- Na sukari, wanda ake kira Sheather: gram 454 a ruwan zafi mil 355, nauyinsa wajen 1.27. Ka ajiye shi a firij don yana yin fumfuna.
- Na zinc sulfate: gram 330 ka cika da ruwa zuwa lita ɗaya, nauyi 1.18. Wannan saboda Giardia ne.

In za ka nemi Cryptosporidium kana buƙatar methanol, carbol fuchsin, acid alcohol na kashi 1, da malachite green ko methylene blue. In akwai silaid ɗin McMaster na ƙirga ƙwai da injin juya samfur, wato santarifiyuj, madalla, in babu akwai dabara, zan faɗa in mun je wajen.

1. Fara da tambayar kwana nawa dabbar take da shi

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake gaya maka gwajin da za ka yi. Dalili kuwa kowace ƙwaya tana da kwanakin da take ɗauka a jiki kafin ta fara fitowa a kashi.

Maraƙi mai kwana 1 zuwa 4 yana zawo kamar ruwa, wannan kar ma ka wahalar da kanka da neman ƙwai, yawanci bakteriyar E. coli ce, a tambaya ko ya sha dakashi isasshe. Daga kwana 5 zuwa mako 3 lokacin Cryptosporidium parvum ne, amma a daidai lokacin nan ne rotavirus da coronavirus ma suke kamawa kuma sau da yawa tare suke zuwa. Eimeria tana buƙatar wajen mako 2 zuwa 3 a hanjin maraƙi kafin ta fito, saboda haka sai daga mako 3 zuwa wata 6 za ka sa ta a lissafi, a 'yan tumaki da 'yan awaki kuma an fi gani daga mako 4 zuwa 8 da lokacin yaye. Tsutsa biyu ne suke kama jarirai da wuri saboda ta nonon uwa suke bi: Strongyloides papillosus, da Toxocara vitulorum ta maruƙa wadda ƙwanta ke fara fita wajen mako 3 zuwa 4. Sauran tsutsotsin ciki sai dabba ta fara cin ciyawa. Masu kiwon alade kuma, zawo mai ruwan ɗorawa a jarirai masu mako 1 zuwa 2 Cystoisospora suis ake fara zargi.

Ka kuma tambaya ko an riga an ba da wani magani, nawa ne suka kamu, kuma an canja abinci ko wurin kwana kwanan nan.

2. Ɗaukar samfur

Daga dubura kai tsaye za ka ɗauka. Ka sa safar hannu, ka ɗan jiƙa yatsa, ka sa a hankali, yawanci mai zawo da ka taɓa sai ya sako, ka tare da roba ko ka juya safar ta zama jaka ka ɗaure. Gram 5 zuwa 10 ya isa. In dole sai ka ɗauka a ƙasa, ka tsaya ka ga fitarsa ka kwashi na sama wanda bai taɓa ƙasa ba, don akwai tsutsotsin ƙasa da ke shiga kashi nan da nan su rikita ka.

Kar ka ɗauki na mara lafiya ɗaya kawai. Ka ɗauki na uku zuwa biyar masu zawo, musamman waɗanda suka fara yau ko jiya, ka ƙara da na biyu ko uku sa'anninsu da suke lafiya a wuri ɗaya, kowa robarsa daban da suna da kwanan wata da kwanakin haihuwa. Wanda ya yi mako yana zawo ya rame sau da yawa ya riga ya wuce lokacin da ƙwayar take fita da yawa, sai ka ga samfurinsa kusan wayam.

In ba za ka duba nan take ba ka matse iska ka sa a firij, wajen digiri 4, kwana biyu ko uku. Ban da firiza, ƙanƙara tana fasa ƙwai. In za a aika nesa kuma babu sanyi a zuba fomalin na kashi 10 ya rufe kashin, amma ka sani fomalin yana kashe duk mai motsi kuma yana ɓata gwajin PCR, wato na gano ƙwaya ta DNA ɗinta, don haka ka raba samfurin biyu tun farko in kana tunanin za a buƙata.

3. Duba da ido

Minti ɗaya ne. Ruwa-ruwa mai ruwan ɗorawa ko fari-fari a maraƙi ɗan kwana goma ya yi kama da Cryptosporidium. Jini da majina da dabba tana ta yunƙuri ba abin da ke fita, a ɗan wata biyu, ya yi kama da Eimeria. Mai laushi da maiƙo wanda yake zuwa ya tafi ya yi kama da Giardia. Na ce ya yi kama ne fa, Salmonella ma tana kawo jini. Ka rubuta ka wuce.

4. Shafin kai tsaye

Ɗigo ɗaya na ruwan gishiri mai sauƙi a gefen hagu na silaid, ɗigon aidin a dama. Ka lakato kashi da bakin tsinke, ɗan mitsitsi, ka dama a kowanne ka rufe da murfi. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne yin kauri, in ka ɗora silaid ɗin a kan rubutu ba ka iya karantawa ta cikinsa to ya yi yawa, sake wani. Ka rage hasken maikuroskop sosai, waɗannan halittun kusan ba su da launi, haske mai ƙarfi ɓoye su yake.

Amfanin wannan gwajin masu motsi ne, shi ya sa sai a cikin minti 20 zuwa 30 da fitar kashin. Giardia mai rai tana tafiya tana jujjuyawa kamar ganyen da ke faɗowa daga bishiya, in ka gani sau ɗaya ba ka mancewa. Gefen aidin ba za ka ga motsi ba don aidin yana kashe su, amma yana fito da abin da ke ciki. In ba ka ga komai a nan ba ba ya nufin komai, kashin da ka duba kaɗan ne ƙwarai.

5. Taso da ƙwai sama

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ƙwan tsutsa da ƙunson Eimeria, wato siffar da take fitowa da ita a kashi, ba su kai ruwan gishiri ko na sukari nauyi ba, sai su taso, dattin ya nutse.

Ka auna kashi gram 2 zuwa 3, ka dama da ruwan mil 30 har ya narke sosai, ka tace ta rariya zuwa kofi na biyu. Ka zuba a kwalbar gwaji har bakin ya ɗan yi tudu, ka ɗora murfin gilashi a hankali kar iska ta shiga, ka bari minti 15 zuwa 20. Sannan ka ɗaga murfin tsaye cak, ba ja ta gefe ba, ka ɗora a silaid. In akwai santarifiyuj ka juya a gudun zagaye 1500 kowane minti har minti 5 sannan ka cika ka ɗora murfi na minti 10, wannan ya fi kamawa nesa ba kusa ba, musamman da ruwan sukari wanda yake da kauri ƙwai na jinkirin tasowa a cikinsa. In kashin jariri ne mai maiƙon nono, ka fara damawa da ruwan famfo ka juya ko ka bari ya kwanta, ka zubar da na sama, sannan ka sa ruwan tasowar a kan abin da ya kwanta, in ba haka ba kitse zai cika maka fili.

Da ido na 10 za ka fara, ka bi murfin layi-layi har ƙarshe, abin da ka yi shakka ka koma 40. Ka saita ido a daidai inda kumfar iska take fitowa tar, a wannan hawan ƙwai suke. Kuma ka duba da wuri in da gishiri ka yi, yana bushewa ya yi ƙanƙara ya lalata komai.

Abin da za ka gani, daga ƙarami zuwa babba, a ma'aunin maikuron, wato ɗaya cikin dubu na milimita:

Giardia tana wajen 8 zuwa 12, mai siffar ƙwai, da ɗan layi a tsakiya. Ruwan gishiri da na sukari suna matse ta ta lotse, shi ya sa zinc sulfate da ɗigon aidin. Ba kullum take fita ba, sai ka duba samfur uku na kwanaki daban-daban kafin ka ce babu.

Eimeria a maruƙa, biyu ne masu ɓarna sosai: E. zuernii kusan zagayayya wajen 18, da E. bovis mai siffar ƙwai wajen 28 a tsawo da 20 a faɗi. Bango siriri mai santsi, a ciki dunƙule ɗaya.

Strongyloides wajen 40 zuwa 60, ɓawo siriri, kuma da 'yar tsutsa a naɗe a ciki tun kashin yana sabo. Nan ne tsohon samfur yake yaudara, don ƙwan sauran tsutsotsi ma in ya kwana a zafi sai ya yi tsutsa a ciki, bambancin sai girma.

Ƙwan tsutsotsin kiwo wajen 70 zuwa 90, cike da ƙananan dunƙulalle. Ba ka iya raba Haemonchus da Trichostrongylus ta ƙwai, kar ka gwada. Kuma Haemonchus jini take sha, fatar ido ta yi fari, ba kasafai take sa zawo ba.

Toxocara vitulorum kusan zagayayye ne, 75 zuwa 95, ɓawo mai kauri da ƙananan ramuka, duhu a ciki. Nematodirus kuwa ƙato ne, ya haura 150, ba ka rasa shi.

In maikuroskop ɗinka ba shi da ma'auni a ido, ka riƙa gwada abu da abu. Ƙwayar jinin saniya wajen 5 zuwa 6 ce, ƙwan tsutsar kiwo kuma ya ninka Eimeria ta maraƙi sau uku ko fiye.

6. Rini don Cryptosporidium

Ita maikuron 4 zuwa 5 ce kawai, a ido na 10 ba za ka lura da ita ba ko da ta cika silaid. Gwanaye suna ganinta a ruwan sukari da ido na 40 tana ɗan ɗaukar ruwan hoda, amma ga mai koyo rini ya fi tabbas.

Ka shafa kashi siriri a silaid ka bari ya bushe da iska. Methanol minti 3 zuwa 5. Carbol fuchsin minti 15 zuwa 20, ba sai ka ɗumama ba. Ɗauraye da ruwa. Acid alcohol daƙiƙa 10 zuwa 15, ɗauraye nan take. Malachite green daƙiƙa 30, ko methylene blue wajen minti ɗaya, ɗauraye, bari ya bushe, ka duba da 40 sannan 100 da mai.

Za ka ga ƙananan ƙwallaye ja ko ruwan hoda a kan fili kore ko shuɗi, girmansu duk ɗaya, wasu sun sha rini sosai wasu kaɗan, da ɗigo-ɗigo a ciki. Yis yakan ɗauki launin filin ne, kuma girmansa ba ya daidaita. Inda ake ɓata aikin shi ne wajen acid alcohol, ka daɗe ka wanke jan gaba ɗaya, ka yi sauri komai ya fito ja. In kana da samfurin da aka tabbatar yana da ita ka rina shi tare don ka san rininka yana aiki. In babu kayan rini, akwai tsinken gwajin gaggawa na zawon maruƙa da ke nuna Cryptosporidium da rotavirus da coronavirus da E. coli a minti kaɗan, ni ina son shi don yana nuna maka abin da maikuroskop ba zai taɓa nunawa ba.

7. Ƙirge

Kashi gram 4, ruwan gishirin tasowa mil 56, dama, tace. Ka juya sosai ka ɗiba nan take da sirinji ka cika ɗakuna biyu na McMaster, jira minti 5, ka ƙirga abin da ke cikin layukan kawai da ido na 10. Jimlar ɗakunan biyu sau 50, shi ne adadi a gram ɗaya. Eimeria daban, ƙwan tsutsa daban. In ba silaid ɗin, ka riƙa amfani da nauyin kashi ɗaya da ruwa ɗaya kullum, ka sa alama +, ++ ko +++, aƙalla za ka iya gwada dabba da dabba.

8. In kana son sanin wace Eimeria ce

Ka dama kashi a potassium dichromate na kashi 2.5, ka zuba shi siriri a faranti mai faɗi don iska ta shiga, ka riƙa girgizawa kullum kar ya bushe, kwana 3 zuwa 7 a zafin ɗaki. Eimeria za ta yi jaka 4 a ciki, Cystoisospora jaka 2. Wannan sinadarin guba ne, safar hannu dole kuma ba a zuba shi a kwata.

9. Zomaye da ɓerayen lab

Zomo da aka yaye yana zawo, Eimeria ce kan gaba, E. intestinalis da E. flavescens su ne mugaye a hanji, E. stiedai kuma hanta take kamawa, in ya mutu aka buɗe sai a ga farin ɗigo-ɗigo ko layuka a hantar, ka matso ruwan maɗaciya ka duba za ka same su cunkus. Ka tara kashi na kwana biyu ko uku a ƙarƙashin keji ka jiƙa shi kafin damawa. Abu biyu ke ruɗa mutum a zomo: kashi mai laushi da yake yi ya sake ci, wannan ɗabi'arsa ce ba zawo ba ne, sai wani yis mai suna Cyniclomyces guttulatus, dogo da kumfa biyu ko uku a ciki wani lokaci a jere, zomo mai lafiya ma yana da shi.

A ƙananan ɓeraye (mice) masu mako 3 zuwa 6, Spironucleus muris da Giardia muris ake nema. Kashi ba ya nuna su da kyau, an fi ganinsu in an kankaro farkon ƙaramin hanji na dabbar da aka kashe bisa ƙa'idar wurin aikin, a sa a ruwan gishiri mai ɗumi a duba nan take. Spironucleus siririya ce tana gudu da sauri a miƙe. Tritrichomonas muris kuma za ka same ta da yawa a babban hanji tana tsalle-tsalle, yawanci ba ruwanta da zawon.

Salatif ɗin na wata tsutsa ce mai suna Syphacia, don ita a fatar bakin dubura take saka ƙwai ba a kashi ba. Ka manna a wurin ka ɓamɓare ka manna a silaid, ƙwan a lanƙwashe yake gefe ɗaya a miƙe. A manyan ɓeraye (rats) da rana ta yi zuwa yamma ya fi kamawa. Aspiculuris tetraptera kuma akasin haka, salatif ba ya kama ta sai hanyar tasowa, saboda haka duka biyun za ka yi. Ba su cika sa zawo ba, amma suna canja garkuwar jiki su ɓata sakamakon bincike, don haka ko ɗaya ka gani ka kai rahoto. In ka ga ƙwai mai ƙugiyoyi 6 a tsakiya, Hymenolepis nana ce mai yiwuwa, tana kama mutum.

10. Karanta sakamako

Nan ne ake yanke hukunci da gaggawa. Kusan duk ɗan akuya ko ɗan tunkiya yana fitar da Eimeria, mai lafiya sumul yana iya fitar da dubbai a gram ɗaya na irin da ba ta cutarwa, wani kuma yana kashin jini kafin ƙwayar ta fara fita ma. Nematodirus haka, tana kwantar da ɗan rago kafin ta fara ƙwai. Don haka sai abu ya haɗu: kwanakin dabba sun dace, kamannin zawon sun dace, masu zawo sun fi masu lafiya yawan ƙwayar a fili, in da hali kuma irin mai cutarwa ce. Ga amfanin samfurin masu lafiyar da na ce ka ɗauko. Eimeria kuma kowace dabba da tata, ta kaza ba ta kama akuya, kar a ɗora wa kaji laifi.

Kumfar iska tana da baƙin zobe mai kauri da wayam a tsakiya, garin fure yana da ƙaya ko ado a bango, gashin tsiro ya yi kama da 'yar tsutsa amma ba ya motsi kuma gindinsa a yanke yake. Abin da ka kasa ganewa ka ɗora kyamarar waya a idon maikuroskop ka ɗauka, ka rubuta da wane ido ka duba, ka nuna wa likitan dabbobi tare da sauran sakamakon, shi zai zaɓi magani. Amma kar a jira gwaji kafin a ba dabba ruwan gishiri da sukari na zawo, ƙarewar ruwan jiki ke kashe jarirai, wanda idonsa ya faɗa ko ya kasa tsayuwa ruwa ta jijiya yake buƙata.

Cryptosporidium parvum tana kama mutum sosai, kuma bilic na yau da kullum ba ya kashe ta, man goge hannu mai barasa ma haka. Sabulu da ruwa bayan cire safar hannu, kaya a tafasa su ko a zuba musu ruwan zafi a shanya su bushe ƙarau, ragowar samfur a ƙone ko a sa a otokilef, wato injin kashe ƙwayoyi da tururi mai zafi. Ba ci ba sha a inda kake aikin, kuma yara da mai juna biyu da duk mai raunin garkuwar jiki kar su taɓa samfur ko maraƙin da ke zawo.